Aikina ake yabo, wani ake tura wa ciniki

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, shekara tara ke nan ina sana'ar, huɗu daga ciki a shagon kaina. Yayana ne ya ba ni jarin da na buɗe shagon, kuma har yau ba na yanke wata babbar shawara sai na ji ta bakinsa. Duk wanda na yi wa aiki yana yabawa, wasu har su ce ba su taɓa ganin haɗin katako mai ƙwari irin nawa ba. Amma yabon a baki yake tsayawa. Sai in yi wata guda ban ga sabuwar fuska ba, sai 'yan gyare-gyare.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da aminina ya yi mini. Tare muka taso. Shekara biyu da suka wuce na yi masa gado da sif da teburin karatu, ko ribar kirki ban ci a kansa ba. Kwanan nan na ji wani abokin aikinsa ya gama gini, zai sa ƙofofi da kabad da kujeru na gidan gaba ɗaya, kuma aminin nawa ne da kansa ya haɗa shi da wani kafinta. Na san kafintan. Ba hassada ba, aikinsa bai kai nawa ba, sai dai sunan shagonsa yana ko'ina: a allo, a jikin motar da ke kai masa kaya, a waya kuma kullum da sabon hoto. Da na tuntuɓi aminina sai ya ce, "Wallahi a lokacin ba ka faɗo mini a rai ba. Da safen ranar na ga hoton aikin wancan a wayata, da aka tambaye ni sai kawai na tura." Wannan amsa ta fi rasa aikin ƙona mini rai.

Na so in sa wa shagona suna, in kafa allo, in fara ɗora hotuna. Yayana ya ce asarar kuɗi ce, aiki mai kyau shi ke tallar kansa, kuma yabon kai jahilci ne. Ni kaina ina jin nauyin in riƙa nuna kaina. Yanzu haka shagon ba shi da suna, wasu da sunana suke kirana wasu da laƙabi, layin waya kuma biyu gare ni. In ja baya da aminin nan? In saɓa wa yayana? Ko in haƙura in ci gaba da jira?

Wani kafinta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wurin da na fi daɗewa a kai a wasiƙarka shi ne inda ka ce amsar amininka ta fi rasa aikin ciwo. Na yarda da kai. Kuɗi idan ya wuce wani yana tafe, amma mutumin da kuka taso tare, wanda kullum a kan gadon da ka haɗa da hannunka yake kwana, ya dube ka ya ce ba ka faɗo masa a rai ba, wannan dole ya sosa zuciya. Ba zan ce kada ka ji zafi ba. Roƙona shi ne ka ɗan jingine zafin, mu duba maganar tasa tare, domin a ganina ya faɗa maka gaskiyar da yawancin kwastomominka ba za su taɓa faɗa maka ba, kuma maganin damuwarka yana cikinta.

Ka kwatanta yadda abin ya faru. Suna zaune a wurin aiki, kowa da abin da ke gabansa, abokin nasa ya ɗago kai ya ce, "Ka san wani kafinta mai kyau?" Amininka bai samu kwana guda na tunani ba, bai zauna ya jera kafintocin da ya sani yana auna aikinsu ba. Daƙiƙa biyar ko goma gare shi, waya tana hannunsa, hoton kabad ɗin da ya gani da safe yana nan sama-sama, da suna da lamba a jikinsa. Ya danna, magana ta ƙare. Da kai zai tura, sai ya fara tuna wane layi ne naka yake shiga cikin biyun, sannan ya yi bayani da baki cewa wani abokina ne, shagon ba shi da suna amma ya iya aiki, in ka je ka tambayi wane. Hoto kuwa babu, sai dai ya koma gida ya ɗauki na ɗakin kwanansa. Haka mutane suke tura wa juna ciniki galibi: cikin hanzari, a tsakiyar wata hira, kuma sunan da ya fi kusa da harshe shi ke fita.

Sana'arka tana da wani hali da ya kamata ka lura da shi. Ba a sayen gado duk wata. Idan ka yi wa mutum aiki mai ƙwari, ƙwarin nan ne ma zai sa ya shekara goma bai neme ka ba. Ranar da ka kai kaya kana cike da ransa. Bayan wata shida gadon ya zama gado kawai, ya daina ganinsa kamar yadda ya daina ganin bangon ɗakinsa. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin mantuwa da ya yi a kan kansa: ya haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya riƙa auna yadda suke zubewa, ya gano cewa zubewar ta fi sauri tun da farko, kuma maimaitawa jefi-jefi ce take riƙe abin da aka haddace. Wancan kafintan maimaitawar yake yi kullum. Kai kuma ka bar ƙwaƙwalwar amininka ta riƙe ka a matsayin kafinta shekara biyu ba tare da wani abu ya taɓo ta ba. A matsayin aboki bai manta da kai ba ko kwana ɗaya, amma tambayar da aka yi masa ta kafinta ce. Masu binciken kasuwanci a cibiyar Ehrenberg-Bass ta ƙasar Ostareliya sun daɗe suna nanata cewa mafi yawan waɗanda za su iya zama kwastomominka ba a yau suke neman kayanka ba, don haka aikin talla shi ne ta ajiye sunanka a ransu har ranar da buƙata ta taso, ko tasu ko ta wanda zai tambaye su.

Abin ma bai tsaya a tunawa ba. A 1968 Robert Zajonc, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Michigan da ke Amurka, ya nuna wa mutane kalmomin da ba su san ma'anarsu ba, da zane-zane masu kama da rubutun Sinanci, da hotunan fuskokin da ba su sani ba. Wasu ya nuna sau ɗaya, wasu sau biyar, wasu har sau 25. Da aka tambaye su, sai ya kasance abin da suka fi gani shi suka fi kyautata wa zato, alhali ba a ƙara musu ko kalma ɗaya ta bayani a kansa ba. Ido idan ya saba da abu, zuciya takan saki jiki da shi. Shi ya sa sunan da mutum ya gani a allo, ya sake gani a jikin mota, ya kuma gani a waya, yake jin kamar ya san mai shi, ko da bai taɓa zama a kan kujerar da ya haɗa ba.

Ga kuma abin da na fi so ka riƙe, ɗan'uwa. Duk wanda ya tura wani wurinka, mutuncinsa ya ba da jingina. Idan ka karɓi kafin alƙalami ka yi wata uku ba ka kawo kaya ba, shi za a riƙa kallo a ofis kowace safiya, kai kana shagonka. Saboda haka mutane, har da masu ƙaunarka, sukan karkata ga sunan da idan abu ya ɓaci za su iya cewa, "Ai kowa ya san shi, ba ni kaɗai ba." Sanannen suna yana sauke wa mai turowa rabin kaya. Wanda ba a sani ba kuwa, nauyinsa duka a wuyan wanda ya ambace shi yake. Shi ma wanda aka tura ɗin ba ya zabura nan take. Binciken da Nielsen, wani kamfanin binciken kasuwa, ya yi a 2021 ya nuna kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun yarda da shawarar mutanen da suka sani, fiye da yadda aka yarda da kowace irin talla. Duk da haka mutumin da zai zuba kuɗin ƙofofi da kabad na gida guda sai ya buga sunan a waya ya gani da idonsa. Idan ya tarar da hotuna da adireshi da maganganun waɗanda aka yi wa aiki, zancen abokinsa ya tabbata. Idan bai tarar da komai ba sai ya ce bari in ƙara tambaya, kuma a nan ciniki yake suɓucewa. Ba mamaki an sha ambaton sunanka a gidajen da ka yi wa aiki, maganar ta mutu a hanya ba ka ma ji labari ba.

Yayanka kuwa, ba na so ka ɗauke shi a matsayin wanda ya tare maka hanya. Mutumin da ya ciro kuɗinsa ya kafa ka yana da haƙƙin ya ji tsoron a watsar da su a kan fenti da hotuna. Kuma rabin maganarsa gaskiya ce tsantsa. Idan aiki ba shi da kyau, talla saurin tonon asiri kawai take ƙara masa. Kwastoman da wani ya turo kuma ya fi kowa albarka: wasu masu bincike uku sun bi diddigin kwastomomi kusan 10,000 na wani banki a Jamus har kusan shekara uku, suka wallafa sakamakon a 2011, suka tarar waɗanda aka turo sun fi daɗewa tare da bankin, kuma amfanin da yake samu daga gare su ya ɗara na sauran da aƙalla kashi 16 cikin 100. Wato yayanka bai yi kuskure ba da ya dogara da bakin mutane. Inda maganar tasa ta gaza shi ne, aikinka a ɗakunan kwana yake kulle. Sif ɗin da ka yi zai nuna cewa gwani ne ya haɗa shi, amma ba shi da bakin da zai ce wane ne gwanin, balle ina ake samunsa.

Yabon kai, ni ma na yarda jahilci ne. Sai dai ka duba waɗannan mutum biyu. Ɗaya ya rubuta cewa babu kamarsa a wannan sana'a. Ɗayan ya ɗora hoton durowa a buɗe, ana ganin yadda katako ya shiga cikin katako ba ƙusa, ya rubuta irin katakon da kwanakin da aikin ya ci, ya yi shiru. Na farko ya yabi kansa, na biyu ya ba mutane abin da za su yanke hukunci da idonsu ne, kuma gani ya kori ji. Kunyar da kake ji hali ne mai kyau, ita ce za ta hana ka cika baki ko ɗora hoton aikin da ba naka ba. Kada dai ka bari ta ɓoye ka daga mutumin da yake can yana neman irin hannunka, ya rasa, ya faɗa hannun wanda zai yi masa abin da zai saki cikin shekara ɗaya. Shi kuwa wancan kafintan, ka daina auna kanka da shi ta fuskar haɗin katako kawai. Wataƙila yana ɗaga waya da wuri, wataƙila yana kai kaya ranar da ya ce. Ka ɗauki abin da yake yi daidai, kuma kada ka taɓa kushe aikinsa a gaban kwastoma, domin kai ne kushen zai rage wa daraja.

To daga ina za ka fara? Daga suna. Ka zaɓi ɗaya, gajere, wanda mutum zai ji sau ɗaya ya iya maimaitawa, ya kuma iya rubutawa ba sai ya tambaya ba. Idan laƙabin da ake kiranka da shi ya fi sunanka yaɗuwa, kada ka raina shi, ka ɗora a kansa, ya riga ya yi maka rabin tafiya. Layi ɗaya ka ware wa sana'a, ɗayan ka bar wa iyali. Launi ɗaya, alama ɗaya, kuma kada ka sauya su don ka gaji da ganinsu. Lokacin da kai ka fara gajiya da su, lokacin ne mutane suke fara gane su. Ba abin kuɗi mai yawa ba ne. Alamar nan ta kamfanin Nike da duniya ta sani, wata ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. Ƙarfin da take da shi a yau ya samu ne daga shekarun da ta yi tana fitowa iri ɗaya a jikin kowane takalmi.

Kai ma a jikin kayanka ya kamata alamar ta fara zama, tun kafin a zo maganar allo. Ka sa a yi maka ɗan hatimin ƙarfe da ake zafafawa a danna a katako, ko 'yan ƙananan falle na ƙarfe masu suna da lamba, ka riƙa sawa a inda ba zai ɓata ado ba amma ido zai kai: gefen durowa ta ciki, bayan ƙofar kabad, ƙarƙashin teburi. Ka yi tunanin baƙuwa ta shigo gidan da ka yi wa aiki, ta ja durowa ta ji ta taho sumul, ba ƙara ba cijewa, ta ce, "Wa ya yi muku wannan?" Matar gidan ta manta sunanka, maigidan ba ya nan. A yadda kake yanzu, nan maganar take ƙarewa. Da akwai hatimi kuwa sai ta ce duba ciki, baƙuwar ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Duk kayan da ka fitar daga yau ya fita da sunanka, har rasidin da kake bayarwa.

Sai waya. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a farkon 2018, kyauta ce, kuma tana da wurin jera hotunan kaya da sunan shago da adireshi da lokutan aiki. Ka buɗe ta da layin sana'ar. Amma ka san wani abu: hoton da ka ɗora a sitatus bayan awa 24 yake ɓacewa, kuma ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Don haka ranar da ka kai kaya, kafin ka fita daga gidan, ka roƙi mai shi ya ajiye lambar a gabanka, da sunan shagon, da kalmar "kafinta" a ciki. Ranar da za a tambaye shi, wannan kalmar zai buga a wayarsa, ba sunanka ba. Ka kuma yi wa shagon rajista a taswirar Google, ita ma kyauta ce, domin wanda aka ba sunanka ya ga wurin, ya ga hotuna, ya karanta abin da wasu suka rubuta. Hoto biyu a mako ya isa, in dai ba za ka yi wata ɗaya da zafi ka watsar ba. Ka share garin katako, ka fito da kayan cikin hasken rana, ka goge gilashin kyamarar, ka ɗauka daga nesa sannan ka matso kan haɗin. Wani lokaci ka nuna tsohuwar kujera kafin gyara da bayan gyara, irin wannan yana tsayar da ido. Aikin da ka riga ka kafa a gidan mutum kuwa, kada ka ɗora sai da izininsa, musamman na ɗakin kwana. Amana ita ma tana cikin abin da ake turo mutum saboda shi.

Dukiyar da ka fi sakaci da ita ita ce tsofaffin kwastomominka na shekara huɗu. Ka zauna da dare ɗaya ka rubuta sunayensu duka. Ka riƙa kiran biyu ko uku a mako, ka gaisa, ka tambayi lafiyar kayan, ka ce idan akwai ƙofar da ta fara ja ko hannun da ya sassauta za ka zo ka ɗaure kyauta. Aikin minti ashirin ne, amma ya maido ka cikin gidan da cikin ransu, ya kuma ba ka damar sa hatimi da neman izinin hoto. Zumunta a ƙafa take, ta sana'a ma haka. Sannan kada ka ɗora begenka duka a kan aminai. Mark Granovetter, masanin zamantakewa Ba'amurke, ya nuna a 1973 cewa mutanen da suka samu aiki ta hanyar wani sun fi samunsa ta bakin waɗanda suke haɗuwa da su jefi-jefi, fiye da ta bakin na jikinsu. Dalili kuwa, na jikinka mutanen da ka sani su ya sani, na nesa shi ne yake shiga inda ba ka shiga. A sana'arka waɗannan su ne magina, masu fenti, masu haɗa wuta, masu sa tayil, dillalan gidaje. Su suke sanin wanda ginin gidansa ya kai matakin ƙofofi tun kafin labari ya fita. Ka saba da biyar daga cikinsu, masu aiki mai tsabta irin naka, ka tura musu ciniki su turo maka. Kuma ka ba su magana ɗaya da za su riƙe ka da ita, misali mai kabad ɗin da ba ya kumbura, ko mai ƙofofin da ba sa lanƙwasa. Wanda aka ce "yana yin komai" ba ya zama a rai.

Ka sayi ɗan littafi, duk sabon mutumin da ya shigo ka tambaye shi, "Wa ya turo ka?" ka rubuta. A ranar ka kira wanda ya turo ka yi masa godiya, idan aikin ya kammala ka tura masa hoto ya ga bai ji kunya ba. Wannan kiran shi ke sa ya sake turowa. Maganar la'ada kuwa a yi hattara. Tsakaninka da magini ko dillali ba laifi, in dai a fili take kuma ba a kan kwastoma za a ɗora ta a ɓoye ba. Amma aboki ko tsohon kwastoma, idan ka miƙa masa kuɗi za ka iya mayar da alherinsa ciniki, shi kansa ya fara jin nauyin ambatonka. Ɗan teburin gefen gado ko gyara kyauta ya fi dacewa da irinsu.

Kafin duk wannan, akwai tambaya mai ɗaci da nake so ka yi. A 2003 wani masanin kasuwanci, Fred Reichheld, ya kawo shawarar cewa kamfani ya auna kansa da tambaya ɗaya: shin kwastoma zai tura abokinsa wurinsa? Kai ma ka zaɓi mutum biyar da ka san ba sa ɓoye magana, ka ce, "Da ƙaninka zai tambaye ka kafinta, za ka ba shi sunana? Me zai sa ka yi jinkiri?" Ka yi shiru ka saurara, kada ka kare kanka. Ka gaya mini ana yabon ƙwarin aikinka, amma ba ka ce komai ba game da cika alƙawarin rana da ɗaga waya, kuma sau da yawa a nan masu sana'ar hannu suke rasa mutane. Idan a nan matsalar take, ka gyara ta kafin ka kafa allo. In ba haka ba, mutane da yawa za ka gayyato su zo su ga rauninka.

Da yayanka kuma, kada ka shiga gardamar wane ne ke da gaskiya. Ka je masa da ladabi ka ce, "Yaya, na yarda aiki shi ke tallar kansa, so nake in sa masa suna don ya san inda zai turo mutane." Ka nemi ya ba ka wata uku, da abubuwan da kusan ba sa cin kuɗi: suna, hatimi, waya, kiran tsofaffin kwastomomi. Allo babba ya jira. Bayan wata ukun ka kai masa littafin ya ga sunaye da idonsa. Mai jari ya fi jin maganar lissafi. Ka ma nemi ya taya ka zaɓen sunan, domin abin da mutum ya sa hannu a ciki ba ya yaƙarsa. Idan kuma ka gwada ka ga ɗora hotuna ya ci gaba da yi maka nauyi, ka ba wani yaron shago mai hankali wannan aikin, kai ka riƙa dubawa kafin ya ɗora. Ko ka fi ba da ƙarfi wajen magina da masu kwangila, su zama fuskarka. Ribar za ta ɗan ragu, amma aiki ba zai yanke ba. Hanyar da ba na ba ka shawara ita ce ta ukun da ka ambata, wato zama kana jira, domin shekara huɗu ka yi kana gwada ta.

Saura amininka. Ya yi sakaci, ba zan wanke shi tas ba. Mutumin da ka yi wa aiki ba riba ya kamata ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna waya. Amma ka lura, da ka tambaye shi bai yi maka ƙarya ba, alhali ƙaryar tana da sauƙi, yana iya cewa abokin nasa ne ya riga ya zaɓa. Mutumin da ya zaɓi ya ji kunya a gabanka da ya yaudare ka, ba a yar da irinsa saboda aiki ɗaya. Ina ma zaton abin yana damunsa fiye da yadda ya nuna, kuma zai so ya samu hanyar gyarawa. Ka ba shi ita. Cikin makon nan ka ɗauki jakar kayan aikinka ka je gidansa, ka gaya masa sau ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba, cewa abin ya yi maka ciwo, sannan ka bar maganar a nan. Ka duba sif ɗin, ka ɗaure abin da ya sassauta, ka nemi izinin ɗaukar hoton teburin karatun. Kafin ka tashi ka karɓi wayarsa, ka goge tsofaffin lambobin nan biyu, ka sa masa ta sana'a da sabon sunan shagon, ka tura masa hotuna biyar na aikin da ka fi alfahari da shi, ka ce ya ajiye su kusa. Bayan wata uku ka sake rubuto mini, ina so in ji sunaye nawa suka shiga littafin nan, da kuma ta bakin wa suka zo.